Cukun da Ya Ƙi Narkewa

Ba zan taɓa mantawa da washegarin wata Babbar Sallah ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekara ashirin ke nan ko fiye. Haƙorana sun zube, idona ya yi rauni, sunayen jikokina ma sai na lalubo su ɗaya bayan ɗaya, amma wannan rana tana nan zaune a raina kamar jiya aka yi ta. Da mutanen garinmu Ɗanzomo sun bar ni, da na bar ta. Ba su bar ni ba.

Abin da ya sa na zaunar da malami yau na ce ya jiƙa tawada shi ne, jikata za ta yi aure a Gumel, sai dangin mijin suka aiko a asirce suna tambaya, wai da gaske ne kakar yarinyar Balarabiya ce? Ni da aka haifa a Sule Tankarkar, uwata mai kaɗi, ubana manomin gero, ga ni baƙa kamar gindin tukunya. Amma ba laifinsu ba ne. Duk garin nan, babba da yaro, ba mai kirana da sunan da ubana ya raɗa mini. Balarabiya ta fito, Balarabiya ta shiga, a gai da Balarabiya. To, a rubuta yadda aka yi, kowa ya ji, in huta.

Maigidana, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa (bara na fita takabarsa, kuma har yanzu in jaki ya yi kuka a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ce ya dawo), falke ne. Yana kora jakuna ta Maigatari zuwa Damagaram da goro da baƙin zane, ya dawo da kanwa da dabino da labari. Labarin ya fi kanwar nauyi. Mutum ne mai kirki, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa barina da yunwa ba, amma in ya buɗe baki a kan Damagaram sai dai ka nemi wurin zama.

A cikin labaransa akwai wanda ya fi so. Wai ya taɓa kai kaya gidan wani attajiri Balarabe, mutumin Turabulus, aka fito da wani abinci da bai taɓa ganin irinsa ba. An daka nama an cuccura shi kamar ƙwan zabo, an jera a kasko tare da dankali yanka-yanka, an lulluɓe da cuku, aka gasa da wuta sama wuta ƙasa. In ka ɗago loma, sai cukun ya biyo hannunka yana miƙewa kamar zare daga mazari. A nan yakan ɗaga hannu ya nuna tsawon zaren. Shekarar farko iyakarsa gwiwar hannu. Kafin shekara biyar ya wuce kansa.

Wansa, wanda muke kira Yaya, shi ne babba a gidan, shi ke riƙe da gandu. Yaya bai taɓa wuce Gumel ba, kuma duk abin da idonsa bai gani ba, a wurinsa ba a halicce shi ba. Ana saura kwana bakwai Sallah, suna zaune a rumfar tsakar gida, ni ina bayan zana ina tankaɗe, sai maigidana ya sake ɗauko zancen. Yaya ya bari har hannu ya kai sama, sannan ya ce:

"Wane cukun? Na Bugaje? Wanda in ka jefi akuya da shi sai ta kwana uku tana ɗingishi?"

Maigidana ya ce shi fa.

"To ka rage, ɗan'uwa. Cuku ba ya narkewa. Ka bar zaren a Damagaram, ka kawo mana kanwa."

Aka yi dariya, har da maƙwabta biyu da suka shigo hira. Na ji muryar maigidana ta sauya. Ya ce ba a taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba, kuma tun da abin ya zo da haka, washegarin Sallah uwar yaransa za ta yi wannan abinci, Yaya ya ci da bakinsa, ya ga zare da idonsa.

Yanzu mace mai hankali me za ta yi? Ta bari a watse, ta same shi a ɗaki ta ce, Malam, abin da ban taɓa gani ba ba zan iya dafa shi ba, ka je ka ba wanka haƙuri. Ni kuwa? Kaina ya kumbura har na ji ɗankwalina ya matse ni. Don a lokacin, ba yabon kai ba, ni ce mai girkin unguwar. In ana suna ni ake aikowa. In an yi gayya ni ke kan tukunya. Miyar kukata, mutum ya ci ya lashe akushi ya duba ko ba a ganinsa ya sake lasa. Surukata, wadda muke kira Inna, ta tsufa, kuma ta riga ta faɗa a gaban mata cewa bayan Sallar nan za ta miƙa mini babbar muciyarta, wadda ake tuƙa tuwon taron gidan da ita tun zamanin uwar mijinta. Wadda ta riƙe muciyar nan ita ce uwar girkin dangi, ba a ɗora tukunyar biki sai ta ce a ɗora. Na shekara ashirin ina kallon muciyar nan a rataye. Sai na ce a raina, bari in karɓe ta da abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Gumel.

Na zaunar da maigidana na yi ta tambayarsa. Ana zuba ruwa? Ya ce a'a. Gishiri fa? Ya ce daidai yadda ya kamata. Cukun dakawa ake yi ko yaya? Ya ce a'a, shimfiɗa shi ake yi a sama, wuta ce ke narkar da shi. Wace irin wuta? Ya ce mai ƙarfi. Kowace tambaya yana da amsarta tun kafin in rufe baki. Da na ce to ɗanɗanonsa fa, zaƙi-zaƙi ne ko yaji-yaji, sai ya ɗaga kai ya kalli rufin ɗaki, ya ce daɗinsa ba ya faɗuwa. (Malam, ka ja layi a ƙarƙashin wannan. Rufin ɗaki ya kalla. Ni kuma na ɗauka daɗin ne ya tuno.)

A lokacin akwai Bugaje da suka sauka da raƙumansu bayan gari, kusa da rijiya. Na ɗebi gero a ƙwarya na tafi, ƙanwar maigidana Tasalla tana biye da ni. Tasalla abokiyar wasata ce, kamar yadda ƙanwar miji take ga kowace mace, sai dai ita Allah ya ba ta baki fiye da rabonta. Muka sami wata tsohuwar Buzuwa, na ba ta gero ta ba ni cuku, fale-fale masu faɗin tafin hannu, da shatin tabarmar da aka shanya su a kai. Ta tambaye ni da 'yar Hausarta me zan yi da shi da yawa haka. Na ce narkar da shi zan yi a kan nama.

Ta dube ni, ta dubi Tasalla. Ta ce su dai tun kakanninsu daka shi suke yi da gero da dabino a dama a sha, ko a jiƙa shi ya kwana. Ta ce wuta ba ta ƙara masa komai sai taurin kai.

Kun san abin da na ce wa baiwar Allah nan? Na ce, wannan girkin Larabawa ne, Iya, ba na daji ba. Matar da ta tatsi nonon, ta kafa shi, ta shanya shi da hannunta, ni na tsaya ina koya mata halin cuku. Sai ta ƙara mini guda ɗaya kyauta, ta ce in Allah ya sa ya narke in aiko mata ta gani.

Dankali kuwa maigidana da kansa ya ɗauko jaki ya je Gagarawa ya sayo, ja mai zaƙi, irin namu. Na ce irinsa ne na gidan Balaraben? Ya ce kusan haka.

Ranar Sallah aka yanka rago, aka rataye shi ya kwana. To a gidanmu akwai al'ada: cinyar dama ta ragon ƙane, ɗungurungum ake ɗauka a kai wa wa, tun kafin a taɓa sauran. Ba a taɓa fasawa ba. Wannan shekara maigidana ya aika wa Yaya cewa cinyarsa za ta zo, amma a dafe. Aka miƙo mini ita. Cinyar Yaya, mai kitse, wadda ya saba soyawa ya adana a tulu ya yi wata biyu yana ci. Na zare ƙashin, na yayyanka, na zuba a turmi da albasa da citta da masoro da kanumfari da barkono, na yi ta daka har ta koma kamar dawo. Maƙwabta suna leƙowa ta kan danga, don ba su taɓa jin ana dakan nama ɗanye a turmin fura ba. Na cuccura shi, na barbaɗe da garin gero yadda ake yi wa fura don kada ya watse. Wallahi sun yi kyau. Ko yanzu in na tuna yadda suka jeru a faifai, sai in ce ai ban fara da kuskure ba.

Ina cikin feraye dankali Inna ta dogaro sandarta ta zo ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, a hankali yadda ba wanda zai ji:

"'Yar nan, ki ɗora ruwan tuwo a gefe."

Na sunkuyar da kai na ce to, Inna. Ban ɗora ba. A raina na ce, in na ɗora tuwo ai na nuna ina shakka ke nan, kuma mutane za su cika ciki da shi su rasa wurin sa abin Damagaram. Gida mai mutum goma sha, ga baƙi, washegarin Sallah, ban ɗora ko ruwan zafi ba. (Wannan kam ba zan ɗora wa marigayi ba. Nawa ne ni kaɗai.)

Garinmu ba mu da tanderu irin na masu gurasar birni, sai na sa aka haƙa mini rami a bayan rumbu. Da yake an ce wuta mai ƙarfi, ban tsaya kan kara da itacen girki ba. Na aika gidan maƙeri aka roƙo mini gawayin ƙirya, wanda yake narkar da ƙarfe da shi. Na ce abin da ya narkar da gatari ai ba zai gaza a kan nonon akuya ba. Na shafe babban kasko da man shanu, na shimfiɗa dankali, na jera curin nama, na sake dankali, sannan na lulluɓe da cuku fale-fale har ba a ganin komai. Na kifa wani kaskon a kai, na liƙe bakin da laka, na sa a rami, garwashi ƙasa garwashi sama. Ana kiran azahar ke nan.

Ƙamshin da ya fara tashi, jama'a, ba zan ɓoye ba, har kan hanyar rijiya an ji shi. Tasalla ta zo tana shaƙa tana cewa yau Yaya zai ba da haƙuri. Da na ga an ɗan jima, sai na kore ta, na janye garwashin, na ɓalle lakar na leƙa. Nama ya nuna, yana tsattsafar da mai. Dankali ya yi laushi. Da na sauke a nan, da mun ci abinci mai daɗi, da yau ba a san wata Balarabiya ba a Ɗanzomo. Amma cukun yana nan yadda na sa shi, har shatin tabarmar bai goge ba. Na ce wuta ce ba ta isa ba. Na mayar, na liƙe, na ƙara gawayi, na ɗauko mafici.

Da la'asar na sake leƙawa. Cukun ya yi ja, gefensa ya lanƙwashe sama, naman ya fara tsukewa. Na taɓa cukun da tsinke na ji ƙwas. To a nan sai zuciya ta ɗebe ni. Na tsaya a bakin rami ina yi wa cuku faɗa kamar ɗan da na haifa. Na ce ko ni ko kai. Na juye sauran gawayin maƙeri gaba ɗaya, na durƙusa ina fifita har hannuna ya mutu, hayaƙi ya cika mini ido. Ƙamshin nan ya sauya ya koma wani abu kamar an ƙona ƙaho. Na ce ƙila haka na Larabawa yake yi in ya kusa.

Karo na uku ban leƙa ba. Tsoro ya hana ni. Na ce na bar wa Allah.

Rana ta yi sanyi, maza suka hallara a rumfa: Yaya, da maigidana, da maƙwabtan nan biyu da aka yi gardamar a gabansu, Yaya ya kirawo su musamman don su shaida. Mata da yara suna bayan zana, kowa da 'yar ƙwaryarsa, ba wanda ya ci komai tun furar safe. A al'ada ni ba na tsayawa gaban Yaya, abinci aikawa nake yi. Amma maigidana ya ce a gidan Balaraben a gaban baƙi ake buɗewa, don haka ni zan kawo da kaina. Na ja mayafi na rufe fuska, na naɗe kaskon da tsumma, na kai, na durƙusa, na ɓalle laka, na ɗaga murfi.

Hayaƙi ya tashi. Da ya washe, sai kowa ya leƙa cikin kaskon.

Kun san tsingaro, fasasshiyar tukunya da yara ke wasa da ita a bola? To shi ne a saman kaskon, jere, baƙi-baƙi ja-ja. A ƙarƙashinsa curin naman nan da na yi kamar ƙwan zabo sun koma kamar kashin raƙumi, girma da launi duka. Dankali kuwa ya zama ɗaya da kaskon, ba ka sanin inda yumɓu ya ƙare inda abinci ya fara. Na ja da baya da gwiwa, na shige bayan zana, na sa ido a wata 'yar kafa.

Yaya ya yi bisimilla. Ya miƙa hannu ya ɗago cuku guda, ya ɗaga shi sama a hankali, har ya wuce kansa, daidai yadda ƙanensa yake nunawa, yana duban ƙarƙashinsa ko zai ga zare. Maƙwabcin nan ɗaya ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Da Yaya ya ajiye a nan da an rabu lafiya. Amma shi ma ɗan gidan ne, taurin kan iri ɗaya ne. Ya ce an ce ya ci da bakinsa, to zai ci, kada a ce bai yi adalci ba. Ya kai baki ya gatsa.

Har bayan zana muka ji ƙarar. Na ɗauka cukun ne ya fashe, har na fara cewa alhamdu lillahi. Sai na ga Yaya ya tara tafin hannu ya tofa. Ya duba. Ya nuna wa na kusa da shi. Haƙorinsa ne na gaba, na sama, ya karye daga tushe. Cukun kuwa ko shatin haƙori bai yi ba.

Na so ƙasa ta tsage. Na dafe cinyar mutum na mai da ita gawayi, na cire masa haƙori, na bar gida da yunwa ranar da ko almajiri ba ya kwana da ita, duk a yini ɗaya, kuma da hannun da ake yabo.

Sai na ga maigidana ya jawo kaskon gabansa. Ya ɗauki curin nama guda ya jefa a baki, yana tauna ana jin ƙaras-ƙaras kamar jaki na cin ƙaiƙayi. Ya haɗiye da ƙyar, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce:

"Haka yake a Damagaram. Sai dai nasu ya ɗan fi laushi."

Yaya ya kurkure baki, ya zubar, ya dube shi ya ce, "Na yarda ka je Damagaram. Hankalinka ne ban yarda ya dawo tare da jakunan ba."

Maigidana ya ci na biyu, ya ci na uku. Ya ɓalli gefen cuku da dutse ya sa a kunci yana tsotsa. Shi kaɗai ya zauna gaban kaskon nan har aka kira magariba, yana ci yana cewa madalla da ƙarfi yadda za a ji a bayan zana. Na san don ni yake yi. Ina kuka ina jin haushinsa ina jin tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Inna ta tashi da sandarta ta shiga ɗakinta, ta fito da ƙullun koko da ta jiƙa tun safe ta ɓoye. Ashe ta san ba zan ɗora tuwon ba. Koko aka sha a gidanmu washegarin Babbar Sallah, gidan da aka yanka raguna biyu. Ina raba wa yara, sai Tasalla ta zo ta durƙusa a gabana har ƙasa, ta miƙo ƙwarya da hannu biyu, ta ce, "A taimaka mana da na talakawa, Balarabiya."

Shi ke nan. Kafin Juma'a sunan ya kai rijiya, kafin wata ya kai kasuwa. Muciya kuwa, bayan Sallah Inna ta sauke ta daga inda take rataye ta miƙa wa matar Yaya, baiwar Allah da miyarta ba ta taɓa sanin an yi daddawa a duniya ba. Shekara ashirin ina cin tuwon taro mai gudaji, ba ni da bakin magana. Yaya kuma tun daga ranar, in ya yi sallama a ƙofar gida sai wata 'yar iska ta fito ta giɓin kamar ana kiran kare. Bai taɓa yi mini gori ba, Allah ya jiƙansa shi ma. Murmushi kawai yake yi mini in mun haɗu, kuma na san abin da yake nuna mini.

Duk wannan na haƙura, don na ɗauka laifina ne. Na ce ni ce ban iya ba, matan Larabawa sun fi ni hannu. Maigidana bai sake ba da labarin abincin nan ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Sai bara, da ciwon ajali ya kwantar da shi. Ya kai ba ya iya tauna komai, tuwo ma sai an dama. Wata rana da hantsi na tuna maganar tsohuwar Buzuwar nan. Na sa aka samo cuku, na jiƙa shi ya kwana, na daka da gero da dabino, na dama da nono, na tallafo kansa ina ba shi da ludayi. Ya sha, ya sha, ya ce wannan mene ne mai daɗi haka? Na ce cuku ne. Sai ya fara dariya, dariyar tana sa shi tari. Na ce mene ne? Ya kama hannuna ya ce:

"Uwar yara, zan faɗa miki wani abu, ki yafe ni. Abincin nan na gidan Balarabe, ni fa ban ci ba."

Na ce ban ji ba.

"A zaure nake, ina jiran a karɓi kaya. Aka wuce da shi ta gabana za a kai wa baƙi. Ƙamshin na ji. Zaren kuma na hango ta ƙofa, da wani ya ɗaga hannu."

Na ce to dankalin fa? Ya ce wani abu ne dai fari-fari. Na ce cukun fa, wa ya ce maka cuku ne? Ya ce ya tambayi bawan da ya ɗauko, ya ce masa da nono ake yi, shi kuwa bai san wani abu mai tauri da ake yi da nono ba sai cuku. Na ce wuta sama wuta ƙasa fa? Ya ce wannan kam shi ya ga ya dace.

Jama'a, ku auna. Cinyar Yaya, haƙorin Yaya, muciyar Inna, sunana na yanka, shekara ashirin na tuwo mai gudaji, duk a kan abin da mutum ya shaƙa daga zaure. Na ajiye ludayin. Na buɗe baki zan fara, faɗan shekara ashirin ya taso mini har maƙogwaro. Sai na dube shi, ya rame ya zama kamar kara, yana riƙe da hannuna yana jiran abin da zan ce. Na ce na yafe, amma ka warke tukuna, akwai magana. Ya ce to, in ya warke in yi masa duka.

Kwana uku ya ƙara. Ya tafi bai tsaya na yi faɗan ba. Wannan ita ce ƙeta ɗaya da ya taɓa yi mini, kuma ita ce nake kuka a kanta kullum. Faɗan yana nan a cikina, na shirya shi tsaf, ba wanda zan yi wa. Da zai dawo yini ɗaya, da na zazzage masa shi tas, sannan in haƙa rami in sake gasa masa tsingaron, in zauna in kalle shi yana ci yana cewa madalla.

Don haka a gaya wa mutanen Gumel, kakar yarinya Bahaushiya ce, ba ta taɓa ganin Balarabe ba, haka ma abincinsa, mijinta ma, ashe, bai taɓa ɗanɗana shi ba. Ita kuma jikata na riga na ja mata kunne. In miji ya dawo daga tafiya yana ba ki labarin abin da aka dafa a wani gari, ki saurara, ki yi mamaki, ki ce madalla. Amma kafin ki taɓa cinyar wansa, ki tambaye shi a ina yake zaune sanda aka kawo abincin. In ya ɗaga kai ya kalli rufin ɗaki, ki tashi ki ɗora ruwan tuwo.